Ɗana zai shiga koyon sana'a a Amurka: za a yanke masa kuɗin SSI?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Buronks ce a birnin Niyok, asalinmu zangon Kumasi. Ɗana yana da sikila, kuma yana karɓar SSI, wato tallafin gwamnati na naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, tun yana ɗan shekara 9. Saura wata huɗu ya cika 18, yana ajin ƙarshe na sakandare, yana son ya koyi gyaran kwamfuta a kwaleji. Matan unguwa sun ce da zarar ya shiga makaranta ko koyon sana'a za a ce ya warke, a yanke kuɗin har da inshorar lafiyarsa ta Medicaid. Ƙanin maigidana ma, da ya yi haɗari da tasi shekara uku da suka wuce yake karɓar SSDI, kuɗin inshorar naƙasa na ma'aikata, wannan tsoron ne ya hana shi shiga kwas. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa ɗanmu lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Shiga makaranta ko koyon sana'a ba ya cikin dalilan da hukumar SSA mai biyan waɗannan kuɗaɗen, wadda mutanenmu ke kira Soshal, take yanke tallafin naƙasa a kansu. Amma ban ce matan unguwa ƙarya suke yi ba. Sun ga yaran da aka yanke wa kuɗi daidai lokacin da suka gama sakandare suka nufi kwaleji, sai suka ɗora wa kwalejin laifi. Abu biyu ne suka faɗo lokaci guda. Abin da ya yanke kuɗin shi ne binciken cika shekara 18, wanda zai zo wa ɗanki ko ya shiga makaranta ko ya kwanta a ɗaki. Abin takaicin ma shi ne, yaron da aka zaunar a gida saboda tsoro ya fi kowa shiga haɗari, don kariya mafi ƙarfi da doka ta tanada a wannan gaɓar ta waɗanda suke cikin shirin karatu ko koyon sana'a ce.

Tun dokar gyaran tsarin tallafi ta 1996, duk yaron da ke karɓar SSI sai an sake auna shi da ma'aunin manya idan ya cika 18, yawanci a cikin shekarar da ta biyo bayan ranar haihuwar. Ma'aunin yara yana duba yadda ciwo ya hana yaro rayuwa irin ta tsararsa: karatu, mu'amala da mutane, kula da kai. Ma'aunin manya kuwa tambaya ɗaya yake yi, ko wannan mutumin zai iya yin wani aiki na neman abinci a kai a kai. Saboda haka ba sai yaro ya samu sauƙi ake cire shi ba. Ciwon yana nan yadda yake, mudun awon ne aka canja. A sauran binciken lafiya da ake yi wa manya, hukuma ce za ta nuna cewa an samu sauƙi kafin ta yanke. A wannan na shekara 18 babu wannan sharaɗin, kamar sabon mai nema ake ɗaukarsa.

Game da sikila, jerin cututtukan hukumar na manya ya ajiye alamomi a fili. Daga ciki akwai tashin ciwo mai tsanani da ya kai ga allurar kashe zafi mai ƙarfi ta jijiya ko ta tsoka aƙalla sau 6 cikin wata 12, da tazarar kwana 30 tsakaninsu. Ko kwanciya asibiti sau 3 cikin wata 12, kowace ta kai awa 48, su ma da tazarar kwana 30. Ko awon ƙarfin jini, wato haemoglobin, ya nuna 7.0 ko ƙasa da haka sau 3 a shekara, shi ma da tazarar kwana 30. Wanda bai kai waɗannan ba yana iya cancanta ta wata hanyar, idan aka ga yawan fashi da gajiya ba za su bar shi ya riƙe aiki ba, sai dai komai a takarda yake. Nan ne al'adarmu take cutar da mu. Yaro ya kwana uku yana murƙususu a gida, ana gasa masa jiki da ruwan zafi, ana ba shi magani, ba wanda ya sanar da likita. Ranar ganin likita a tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Mu mun san wannan gaisuwa ce da godiya ga Allah. Likita kuwa rubutawa zai yi cewa mara lafiya ya ce ya samu sauƙi, kuma wannan rubutun ne mai bincike zai karanta. Ki sami littafi tun yau: ranar da ciwo ya tashi, kwana nawa ya yi, maganin da ya sha, ranakun da ya yi fashin makaranta. Ko a gida aka yi jinyar, a kira asibitinsa a faɗa domin ya shiga fayil.

Yanzu ga kariyar da nake magana. Ana kiranta Sashe na 301, saboda a wannan sashen ta zo cikin gyaran dokar naƙasa na 1980. Abin da ta ce shi ne, ko da hukuma ta yanke hukuncin cewa mutum bai cika ma'aunin naƙasa ba yanzu, za a ci gaba da biyansa har ya gama shirin koyon sana'a ko karatun da yake ciki, in an cika sharaɗi biyu. Na farko, ya zama ya fara shirin tun kafin watan da aka ce naƙasarsa ta ƙare. Na biyu, hukuma ta gamsu cewa gama shirin zai ƙara yiwuwar ya tsaya da ƙafarsa ba tare da ya dawo neman tallafi ba. Tunanin da ke bayanta mai sauƙi ne: gwamnati ta riga ta kashe kuɗi a kan horar da mutum, in ta janye masa abinci yana tsakiyar kwas zai bari, shekara biyu ya dawo layi.

Ba kowace makaranta ke shiga ƙarƙashin wannan sashen ba, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Yaro ya je kwaleji da kansa ya yi rajista, ya biya da tallafin karatu, wannan kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Abin da ake nema shi ne rubutaccen shiri da aka sa wa hannu: tsarin aiki da hukumar horar da naƙasassu ta jiha, wanda ake kira IPE, ko tsari da ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke aiki ƙarƙashin shirin tikitin aiki, wato Ticket to Work, ko tsarin tanadi na PASS da zan yi bayaninsa a gaba, ko kuma, ga ɗan shekara 18 zuwa 21, tsarin karatu na musamman na makaranta, wato IEP. Tun ƙa'idojin da aka fitar a 2005, wanda yake cikin IEP ba ya buƙatar ya gamsar da kowa a kan sharaɗi na biyu, an ɗauka kai tsaye cewa ci gaba da karatunsa zai taimaka.

Don haka aikinki na farko, ki ɗauko takardun makarantarsa ki duba kan takardar. Yara masu sikila da yawa ba IEP suke da shi ba, abin da ake kira tsarin 504 ne, wanda ke ba su damar shan ruwa a aji, fita bayan gida, da ƙarin lokacin jarrabawa. Iyaye kan ɗauka duk ɗaya ne. A wajen makaranta suna kama da juna, amma wancan sassaucin na kai tsaye IEP aka rubuta wa. Ko da IEP ɗin ne ma, ranar da ya karɓi takardar kammala sakandare ya ƙare. Yaronki yana ajin ƙarshe, ke nan wannan inuwar ta 'yan watanni ce, dole a tanadi wata kafin rana ta iso.

Wata inuwar ita ce hukumar horarwa ta jiha. A Niyok sunanta ACCES-VR, tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, makafi kuma suna da tasu hukumar daban. Kowace jiha tana da irinta, a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1973. Mai karɓar SSI ko SSDI ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya cancanci hidimarsu tun daga farko, kuma suna iya taimakawa da kuɗin kwas, littattafai, kayan aiki da na mota, gwargwadon abin da aka rubuta a tsarinsa. Amma ki yi lissafin kwanaki. Doka ta ba su har kwana 60 su tabbatar da cancanta, sannan har kwana 90 su rubuta tsarin. Wata biyar ke nan in suka cinye wa'adinsu, ke kuma kin ce saura wata huɗu ya cika 18. Cika fom kawai ba ya nufin ya shiga shiri, sai an sa hannu a tsarin ya fara abin da ke cikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin makon nan ku nema, ko ta hannun malamin da ke kula da shirin bayan kammalawa a makarantarsa, ko kai tsaye. Ku gaya wa jami'in da aka haɗa ku da shi cewa binciken shekara 18 yana tafe, kuna son a sa hannu kafin ya gama sakandare. A tsarin kuma a rubuta sana'ar da sunanta, gyaran kwamfuta da kula da na'urorin ofis, da takardar shaidar da zai samu da shekarar da zai gama. Wanda zai yanke hukunci a kan sharaɗi na biyu wannan takardar zai karanta. Tsarin da ya ce yaro zai nemi abin da ya dace da shi kawai ba ya gamsar da kowa. Kwalejojin shekara biyu na jami'ar birni, irin su Hostos da Bronx Community College, suna nan kusa da ku, kuma kowace tana da ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman da ya kamata ya yi rajista da shi tun makon farko saboda ranakun da ciwo zai hana shi zuwa aji.

Abu na gaba da ba na gajiya da faɗa: kada ku jira a tambaye ku. A ƙa'ida ma'aikacin da ke binciken ya kamata ya tambaya ko yaro yana cikin wani shiri, akwai ma fom na musamman don haka, lambarsa SSA-4290. Na taɓa zama da wata uwa da aka dakatar wa 'yarta kuɗi wata biyar, alhali yarinyar tana da tsarin horo da aka sa wa hannu tun kafin binciken. Ba wanda ya tambaya a ofishin, su kuma ba su san yana da amfani ba. Sai da muka kai kwafin tsarin da kwanan watansa aka gyara. Ranar da za ku je hira, ku tafi da kwafin IEP ko IPE, ku ce da bakinku yana cikin shirin horo, kuna neman a duba Sashe na 301, ku karɓi shaidar cewa an karɓi takardun. In Turanci zai ba ki wahala a irin wannan magana, ki nemi tafinta tun ranar da za a ba ku lokaci, hukumar tana samar da shi kyauta.

Sashen yana da iyaka, gara ki sani. Biyan yana tsayawa in ya gama shirin, ko ya daina zuwa, ko hukuma ta ga ci gaban ba zai kai ko'ina ba. An yarda da tsaiko na ɗan lokaci da bai wuce wata uku ba, wanda ga mai sikila abu ne mai muhimmanci: in ciwo ya kwantar da shi, a sanar da jami'in horon a rubuce cewa hutun jinya ne, zai dawo. Kada ya ɓace shiru har a rufe fayil ɗinsa. Haka kuma maganar lafiya kawai sashen ya shafa, ƙa'idojin kuɗin shiga da na dukiya suna nan daram. Amma muddin SSI yana zuwa, Medicaid ɗinsa na Niyok yana tare da shi, kuma ga yaron da ke shan magani kullum yana kwanciya asibiti, wannan ya fi tsabar kuɗin daraja nesa ba kusa ba.

In wasiƙar yankewa ta zo, lambobi biyu za ki riƙe. Kuna da kwana 60 ku ɗaukaka ƙara, amma kwana 10 kacal daga samun wasiƙar ku nemi a ci gaba da biya yayin da ake sauraron ƙarar. Mutane suna ganin 60 su saki jiki, 10 ta wuce su. Ɗaukaka ƙara da neman Sashe na 301 ba sa hana juna, ana yin su tare. Bambancinsu, kuɗin da aka ci gaba da biya saboda ƙara ana iya nema a mayar in an faɗi, ko da yake akwai damar roƙon yafiya. Na Sashe na 301 kuwa haƙƙinsa ne.

To, idan ya tsallake binciken aka tabbatar da shi a ma'aunin manya fa? Nan tikitin aiki yake shigowa, shirin da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Disamban 1999, na masu shekara 18 zuwa 64, kyauta kuma ba dole. Amfaninsa a nan shi ne, muddin tikitin yana aiki a hannun hukumar horarwa ko wata cibiya, kuma mutum yana ci gaba yadda aka tsara, ba za a fara masa sabon binciken lafiya ba. Karatu yana cikin ci gaban da ake ƙirgawa: a shekarar farko ɗalibin kwaleji ya kammala kashi 60 cikin 100 na darussan cikakken ɗalibi, a ta biyu kashi 75. Sai dai tikitin ba ya tare binciken shekara 18, kuma ba ya tsayar da binciken da aka riga aka aiko da wasiƙarsa. Shi ma dai maganar kwanan wata ce.

Mu zo kan kuɗi, don a nan ne ainihin abin da ke rage SSI yake. Zan yi amfani da alƙaluman 2025, kowace Janairu ana ɗan ɗaga su. Cikakken SSI na tarayya dala 967 ne a wata, jihar Niyok tana ƙara ɗan wani abu a kai. Mai aiki ba a cire masa dala da dala. Ana yafe 85 na farko in ba shi da wani kuɗin shiga, sannan a ƙirga rabin abin da ya rage. Wanda albashinsa 885 ne kafin haraji, an cire 85 saura 800, rabi 400, SSI ɗinsa ya koma 567, jimlar abin da ya shigo 1,452. Ya fi wanda ya zauna da 967. Ɗalibi kuwa da bai kai 22 ba yana da gata na daban: ana kau da kai daga albashinsa har dala 2,350 a wata, iyaka 9,460 a shekara. Sharaɗin shi ne yana zuwa makaranta a kai a kai, awa 8 a mako a kwaleji, ko awa 12 a sakandare ko kwas ɗin koyon sana'a, 15 in kwas ɗin ya haɗa da aikin hannu a shago. Ke nan in ɗanki ya sami aikin dala 780 a wata duk shekara, jimla 9,360, ba za a taɓa masa ko sisi ba. Amma sai kun kai shaidar cewa ɗalibi ne, kwamfutar hukuma albashi kawai take gani.

Tallafin karatu na tarayya, irin su Pell da ya kai har dala 7,395 a shekara, da aikin ɗalibai da gwamnatin tarayya ke biya a cikin kwaleji, ba a ƙirga su a kuɗin shiga ko a dukiya. Tallafin wata gidauniya ko ƙungiya kuwa, abin da ya tafi kuɗin makaranta da littattafai ba a ƙirgawa, kuma ana ba shi wata tara a kashe. Abin da aka karkatar wajen haya ko wata buƙata ana ƙirga shi.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne iyakar dukiya: dala 2,000 ga mutum ɗaya, adadin da bai motsa ba tun 1989. Abin da ke asusunsa a safiyar ranar 1 ga wata ake dubawa. Yaro ya yi aikin hutu ya tara 2,600, albashin an yafe masa a matsayin ɗalibi, amma ajiyar ta hana shi kuɗin watan. Ko ya shiga adashi, ranar kwasa ta zo ƙarshen wata. Ko kawunsa ya ce bari in ajiye wannan a asusunka kafin in aika gida. Hukuma ba ta san amana ba, sunan da ke kan asusu take gani. Maganin wannan shi ne asusun ABLE, wanda dokar 2014 ta kafa don waɗanda naƙasa ta same su kafin shekara 26, daga Janairun 2026 kuma kafin 46. Dala 100,000 na farko a cikinsa ba sa shiga lissafin SSI, ana iya zuba har 19,000 a shekarar 2025, kuma ana kashe su a karatu, haya, sufuri da lafiya. A ganina duk gidan da ke da yaro mai SSI ya kamata ya buɗe shi tun kafin yaron ya karɓi albashin farko.

PASS kuma tsari ne da mutum zai rubuta a fom SSA-545 cewa yana ware wani kuɗi, ban da SSI ɗin kansa, don wata sana'a takamaimai: kwamfuta, kayan gyara, kuɗin jarrabawar shaida. In an amince, kuɗin da aka ware ba a ƙirga shi. Ga ɗanki yanzu gatan ɗalibi ya wadatar, PASS zai fi amfani bayan ya cika 22. Can gaba kuma, ranar da albashinsa ya yi yawan da SSI ya koma sifili, akwai sashe na 1619(b) da ke riƙe masa Medicaid muddin har yanzu yana cikin ma'aunin naƙasa, yana buƙatar inshorar don ya iya aiki, kuma albashin bai wuce iyakar da aka sa wa jiharsa ba.

Cika 18 yana zuwa da wani canji da zai iya yi muku daɗi: an daina ƙirga albashinki da na maigida a kansa. Sai dai in yana zaune a gidanku ba ya biyan komai na haya da wuta kuma ku ke ciyar da shi, ana iya zaftare kashi ɗaya cikin uku, kimanin dala 322 a lissafin 2025. Ku tsara ya riƙa biyan kasonsa na haya da wuta daga kuɗinsa, ta banki, da 'yar takarda tsakaninku. Na san karɓar haya a hannun ɗa yana da nauyi a wajenmu, amma kuɗin gida ɗaya yake komawa.

Shi kuma ƙanin maigidanki, lamarinsa ya fi sauƙi ƙwarai, har ina jin takaicin shekarun da ya yi a zaune. SSDI inshora ce da ya biya da harajin aikinsa, ba ruwanta da ajiyarsa a banki, ko albashin matarsa, ko tallafin karatu. Manyan abubuwan da ke taɓa ta biyu ne: samun sauƙi a likitance, da aiki mai kawo kuɗi sama da iyaka. Ta fuskar lafiya, ya kai tikitinsa ACCES-VR a rubuta masa tsari tun kafin wasiƙar bincike ta zo, sai ya sami kariyar tikiti, kuma in wata rana aka ce ya warke yana tsakiyar kwas, Sashe na 301 ya shafe shi kamar yadda ya shafi ɗanki. Tunda ya haura wata 24 yana karɓa, fara aiki shi kaɗai ba zai zama dalilin buɗe masa binciken lafiya ba, sai dai wanda dama aka tsara lokacinsa.

Ta fuskar aiki, yana da watannin gwaji 9 da zai karɓi cikakken kuɗinsa komai yawan albashin. Watan da ya samu sama da dala 1,160, a lissafin 2025, shi ake ƙirgawa a gwaji, kuma ba sai sun zo a jere ba, ana duba su ne cikin wata 60. Mai aikin kansa, kamar direban tasi ko na manhaja, ko ribarsa ba ta kai haka ba, in ya yi sama da awa 80 a wata an ƙirga. Bayan gwaji akwai wata 36 da za a biya shi duk watan da abin da ya samu bai wuce iyaka ba, wadda a 2025 dala 1,620 ce, ko 2,700 ga makaho, kuma ana cire kuɗin da ya kashe saboda naƙasar don ya iya aiki, kamar magani ko na'ura, kafin a auna. Inshorar lafiyarsa ta Medicare tana ci gaba aƙalla wata 93 bayan watannin gwaji. In ma kuɗin ya tsaya saboda aiki sannan jiki ya ƙi, cikin shekara 5 yana iya neman a dawo da shi ba tare da sabuwar nema ba, a biya shi na wucin gadi har wata 6 kafin a gama dubawa. Abin da zan ja masa kunne a kai shi ne aikin ɓoye na kuɗi a hannu. Wanda ya bi ta ƙofa yana da duk waɗannan kariyar, wanda aka gano daga baya kuwa takardar bashi ce ta dubban daloli za ta same shi. Kafin ya karɓi aiki ya nemi masu ba da shawara na shirin WIPA, kyauta ne, za su nemo bayanan fayil ɗinsa su gaya masa watannin gwaji nawa ya riga ya ci.

Su duka biyun, duk wani canji a sanar: fara aiki, barin aiki, ƙarin albashi, shiga ko barin makaranta, canjin gida. Ga mai SSI wa'adin shi ne ranar 10 ga watan da ya biyo baya. A ajiye takardun albashi da shaidar sanarwa a jaka ɗaya, don bashin biyan da ya wuce ƙima kan taso bayan shekara biyu ko uku, lokacin da kowa ya manta.

Sai maganar zuwa gida, tunda na san bayan kammala sakandare iyaye kan so su kai yaro Kumasi ya gaida dangi. Mai SSI da ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗinsa yana tsayawa, kuma ba ya dawowa sai ya sake cika kwana 30 a jere a cikin ƙasar. Tafiyar wata biyu tana iya cin kuɗin wata uku, ta kuma faɗo daidai tsakanin ƙarewar IEP da fara kwas, lokacin da wasiƙar bincike ke iya zuwa ba kowa a gida, kwana 10 ɗin nan su wuce. In za a yi tafiyar bana, ku yanki tikitin jirgi na mako uku, bayan an sa hannu a tsarin horon, ku bar wa wani amintacce mabuɗin akwatin wasiƙa.